'Yar da Aka Haifa Ran Talata

Tun da gwamnati ta jinginar da ranar Talata ga ƙasashen da ke binta bashi, duk abin da aka samu a ranar nasu ne. Attajirai kan rufe shagunansu su yi kwanciyarsu. Ɗanlami manomi kuwa, ran Talata matarsa ta haihu.

Abin ya tsaya masa a rai, ya tafi ofishin haraji.

"Ranka ya daɗe, bara akuyata ta haihu ran Talata, kuka karɓe ɗan. 'Yata fa?"

Jami'in ya yi dariya. "Haba Malam, ai ba a karɓar mutum."

Ɗanlami ya miƙe da murna, sai jami'in ya jawo takarda.

"Amma faɗa mini sunanta. Sun ce a riƙa rubuta musu."