Manhajar da Ba Ta Son Asabar

Duk Juma'a, kafin ya rufe shagonsa na kayan gyaran janareta a Sabon Gari, Cyprian yakan leƙa waje, ya tabbatar ba mai kallonsa, sannan ya goge fayil ɗaya daga kwamfutarsa. Washegari manhajar sai ta ƙi buɗewa.

Manhajar ta duba lambar kayan gyara ce, kuma don wayar Android aka yi ta. Da idonsa ya fara gajiya da ƙananan rubutu, Veronica, mai gyaran kwamfuta a Titin Ibrahim Taiwo, ta ɗora masa ita a kan kwamfutarsa mai tsarin Linux. Ta ce tsarin biyu 'yan'uwa ne, uwa ɗaya, reno daban. Ɗaki kawai za a keɓe wa baƙuwar ta zauna. Ta kuma nuna masa wani fayil, ta ce kada ya kuskura ya taɓa.

Cyprian ya haura hamsin, ya iya ciniki da harshe huɗu, amma a cikinsu babu wanda ya iya ce wa mace ta zo su ci abinci. Lalata kwamfuta ya fi masa sauƙi. Duk Asabar yakan rungumo ta zuwa shagon Veronica a Fagge, ya zauna a kujerar da ke gaban fanka, wadda ko yaushe yakan tarar babu kowa a kai, ya yi awa biyu yana jin muryar Veronica.

Wata Asabar Veronica ta haɗe rai.

“Oga Cyprian, an fara cewa aikina ba ya kai mako. Yau zan kulle fayil ɗin nan.”

Ta kulle. Ranar Juma'a ya danna maballin gogewa, ya sake dannawa, har ya gwada da ɗan yatsan hagu. Fayil yana nan daram. Ya tafi gida yana tunanin me kuma zai ɓata. Maballan rubutu? Wannan ko maƙwabcinsa zai gyara.

Da safe ya kunna kwamfutar ba don yana so ba. Manhajar ta ƙi buɗewa.

Bai taɓa murnar lalacewar kaya haka ba. Ya tari adaidaita, ya isa yana haki.

“Madam, yau kam na rantse ban taɓa komai ba!”

“Yau kam?” in ji Veronica.

Cyprian ya tuna yana da buƙatar sayo mata lemo, ya fice da sauri.

Basirat, mai shagon kusa, ta leƙo.

“Ashe kullewar ba ta yi ba?”

“Ta yi mana,” in ji Veronica, tana gyara ɗankwali. “Fayil ɗin ai fanko ne. Tun ranar farko ni na saita manhajar ta riƙa tsayawa duk Asabar.”