Farmin da Ya Mutu a Aljihun Zakari

"To nuna mini kwanan watan da ke jikinsa," in ji Ramlatu, tana miƙa wa mijinta hannu.

Zakari ya mayar da katin aljihu yana dariya. "Amarya, ke da ke fama da cikin wata tara, me ya haɗa ki da lasisin tuƙi?"

"Mu nan farmi muke cewa. Kuma naka na Najeriya ne, ya mutu tun bara waccan. Na gani ranar da na wanke rigarka."

"Shekara biyar ina Yamai, wa ya taɓa tambayata?"

Mai karatu, gaskiya ya faɗa. Zakari mutumin Katsina ne, yana sayar da atamfa a unguwar Kalley. Kullum da safe yakan taso daga gidansu na Bobiel a wata tsohuwar farar mota. A cikinta ya fara ganin Ramlatu, ranar da ruwan sama ya tsare ta da mahaifiyarta a bakin hanya, ya rage musu hanya. Shi ya sa suke kiran motar Dillaliya, don ita ta haɗa su.

A mahaɗar da yake bi akwai wani ɗan sanda, Ado, Bagobirin Tibiri. Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Katsinawa. Da ya hango motar sai ya ɗaga hannu.

"Bawana, yau ma ka fito nema wa ubangidanka abinci?"

"Bagobiri, an ba ka usur ka samu abin wasa."

"Wuce kafin in sayar da kai!"

Sai su yi dariya, Zakari ya wuce. A hankali ya ɗauki wannan dariyar a matsayin takarda.

"Ado ba shi ne doka ba," Ramlatu ta ce masa a hankali. "Ka je ka tambayi yadda baƙo ke samun na ƙasar nan."

"Bayan suna zan je." Ya kama hannunta. "Amma ki riƙe wannan: ranar haihuwa Dillaliya ce za ta kai ki asibiti, ni da kaina zan tuƙa. Kada ki shiga motar kowa."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ta riƙe maganar, kamar yadda take riƙe duk maganarsa.

Wata Talata da hantsi naƙuda ta taso. Ta kira shi, ya bar shago a buɗe ya kamo hanya. Yana shiga unguwar Boukoki wani mai babur ya fito daga lungu a guje, ya daki ƙofar motar, ƙafarsa ta karye. Duk wanda ya gani ya ce ba laifin Zakari ba ne. Amma 'yan sandan da suka zo babu Ado a cikinsu.

Babbansu ya juya katin gaba da baya. "Kai mai wucewa ne ko mazauni?"

"Mazauni ne, ranka ya daɗe. Matata na naƙuda, don Allah..."

"Mazauni, kuma ba ka taɓa zuwa neman namu ba? Wannan ɗin ma ya mutu. Ga mutum kwance da karaya. Mu je."

Aka tafi da shi, aka tafi da Dillaliya. Wayarsa kuwa ta fashe a hatsarin.

A Bobiel, maƙwabciyarsu Nana ta kawo taksi har ƙofar gida. Ramlatu ta riƙe ƙarfen gado tana girgiza kai. "Ya ce shi zai kai ni. Yana hanya." Awa biyu tana jira, har jini ya ɓalle. A sume aka ɗauke ta. Sai da aka yi mata aiki aka ciro yarinya, aka ƙara mata jini leda biyu. Yayanta ne ya yi wa jaririyar kiran salla a kunne.

Rana ta uku aka saki Zakari. Kamfanin asirans ɗinsa, wato inshora, ya ce babu ruwansa da direban da farminsa ya mutu. Dole aka sayar da Dillaliya don jinyar mai babur.

Da ya shiga ɗakin asibiti ya ga yadda fuskarta ta faɗa, sai ya durƙusa a gefen gado.

"Ka yi latti, Bakatsine," ta ce, muryarta can ƙasa. Ta ɗora masa jaririyar a hannu. "Duba hancinta. Naka ne, Allah ya ba ta haƙuri."

Ya yi dariya, hawaye na zuba a kan zanen goyon.

Ranar suna Ado ya zo da buhun shinkafa a bayan babur. Bai ce "bawana" ba. Ya zauna kusa da Zakari ya ce, "Da na taɓa duba katin nan ko sau ɗaya, da ban cuce ka ba."

'Yan'uwa mazauna ƙasar da ba tamu ba, sabo da mutane daɗi ne, amma ba takarda ba ne. Ku duba wa'adin lasisinku yau, ku je ku tambayi abin da dokar wurin ke nema, tun kafin ranar da wanda kuke ƙauna zai zauna jiranku.

Zakari ya miƙe a gaban 'yan suna, ya ɗaga tsohon katin kowa ya gani.

"Ku shaida," ya ce. "Ranar Litinin zan je neman farmin ƙasar nan. Kafin ya fito, ko motar wa aka ba ni ba zan taɓa sitiyari ba. Ƙafata ta ishe ni."