Mai Taɓa Sabar

Ranar Laraba ma haka Injiniya ta tarar, an sake taɓa sabar, babbar kwamfutar kamfaninta.

Sabuwa ce fil. Ita da kanta ta kafa ta, ta kwaso komai daga tsohuwar a dunƙule ta zuba. A kanta shafin rajistar ɗalibai zai zauna, kuma ranar Litinin mutum dubu arba'in za su danno lokaci guda. Shi ne babban aiki na farko da kamfanin ya samu tun rasuwar mijinta. In shafin ya faɗi, sai dai a rufe ofis.

Amma kullum da safe sai ta ga an sauya mata saiti. An dawo da tsofaffin kayan aikin da hannunta ya saba da su, har da gajerun umarnin da take bugawa ba ta kalli madannai ba. An kunna ma'ajiyar da ke rage wa sabar nauyi, wadda ita ta manta da ita. Abin haushi, shafin ya ƙara gudu.

Mutum biyu ne suka san kalmar sirri, ita da Dogo, ƙanin mijinta. Dama ta sha jin dangi na cewa kujerar shugabancin kamfanin da shi ta dace. Wato so yake ranar Litinin a ce shi ya ceci aikin.

Ta canza kalmar sirri ba ta faɗa masa ba. Washegari an sake taɓawa.

Ranar Juma'a, ƙarfe takwas saura, ta kira shi ofishinta. Takardar sallamarsa daga aiki na kife a kan tebur.

"Ajiye wayarka nan. Zauna."

"Anti, lafiya?"

"Ta wace ƙofa kake shiga?"

"Wallahi ni na ɗauka ke ce. Har ina cewa hannun Anti ya dawo."

Ta juyo da allon yadda duka biyun za su gani. Dogo ya harɗe hannuwa a ƙirji, idonsa ya kaɗa.

Takwas da minti biyar, rubutu ya fara gangarowa da kansa. Babu wanda ya shigo daga waje. Umarnin daga cikin sabar yake fitowa.

Ta bi sawu, har ta kai ga wani ƙaramin fayil a cikin jakar fayilolin da zuciyarta ta hana ta buɗewa lokacin kwaso kaya. Aikinsa ɗaya, kowace safiya ya duba injin da ya tsinci kansa a ciki, ya shirya shi yadda ta saba.

Dogo ya leƙo, ya karanta layin farko, ya dafe baki.

Shekara huɗu da rubuta shi, da sunan yayansa, marigayi mijinta, a kai: "Uwargida, na san za ki manta da ma'ajiyar nan, bar mini wannan."