Shirun Mai Gyaran Agogo

Kwana goma sha tara ke nan mai gyaran agogo da matarsa suna ɗaki na huɗu a asibiti, kuma duk tsawon kwanakin nan bai ce uffan ba.

Ita ce mai magana, ita ce mai aiki. Da safe ta jiƙa tsumma ta goge wa marar lafiya fuska, ta juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, sannan ta ɗaga hannu ta roƙi Ubangiji. Mai gyaran agogo kuwa sai ya kafa wa silin ido. Ya san kowace tsaga da ke jikinsa. Ya san agogon bango yana latti da minti huɗu, abin yana ci masa rai, amma bai tashi ya gyara ba.

Ba wai ya bar addu'a ba ne. A zuci yake yi, har kalmomin suka ƙare masa. Ya ƙwanƙwasa, ya sake ƙwanƙwasawa, ba a buɗe ba.

Ranar Litinin da hantsi likita ya shigo, ya haska 'yar tocilarsa, ya ja matar gefe, amma ba can nesa ba.

"Mama, mun yi iyakar ƙoƙarinmu. In babu wata alama zuwa gobe, za mu cire na'urar numfashin nan. Akwai mai jiranta."

Ta dawo ta zauna a bakin gado.

"Ka ji ko, Maigida? Na kira Allah, shiru. Na kira ka, shiru. Da ma can kai ba gwanin magana ba ne, sai da muka shekara kafin ka ce gishirina yana yawa. Amma yau kam ka taimake ni."

Ya ji. Duk abin da ta faɗa jiya da shekaranjiya ma ya ji. A nan ya faɗo masa a rai cewa mai shiru yana iya zama kusa, yana sauraro. Wannan karon bai roƙi waraka ba. Abu ɗan ƙarami ya roƙa.

Ta kama hannunsa, hawaye na ɗiga a kai. Ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya tura shi wuri guda.

A kan gadon da yake kwance tun ranar da ya yanke jiki ya faɗi a shago, yatsansa ɗaya ya motsa a tafin hannunta.