Aikin da Malam Barau Ya Samo wa Kamalu

Ranar da Kamalu ya ɗinke wuyan riga ruf, malamin ɗinki ya riƙo hannunsa har ofishin Malam Barau, ya ce a dubi girman Allah a raba shi da wannan bawan Allah.

Malam Barau shi ne jami'in cibiyar koyar da sana'a da wata ƙungiya ta buɗe a Gaya, saboda mutanen da suka rasa aiki da aka rufe injin casar shinkafa. Kowa ya kama abin yi, sai Kamalu mutumin ƙauyen Balan. An kai shi walda, ya liƙe ƙofar shago malamin yana ciki. An kai shi kiwon kaji, tausayi ya kama shi ya buɗe musu keji su sha iska, shaho ya yi biki. Ga shi magidanci da iyali, ga ladabi kamar ya kwanta a taka, amma hannunsa bai taɓa abu ya tashi lafiya ba.

Abin da ya fi damun Malam Barau, shugabar ƙungiyar, Hajiya Nuriyya, ta riga ta aiko daga Kano cewa in shekara ta ƙare da saura mutum ko ɗaya bai kama sana'a ba, rufe cibiyar za a yi. Cibiyar nan kuwa ita ce tuwon gidansa, kuma tsoro ya fara shigarsa sosai.

Tun da babu ajin da zai karɓi Kamalu, sai Malam Barau ya riƙa goya shi a babur ɗin ofis duk inda za shi. Yau Kademi, gobe Gafasa a can Ajingi, suna duba waɗanda aka yaye. Kamalu ya haddace sunan kowa har da na 'ya'yansu. In mata biyu suka yi rigima kan keken ɗinki, kafin Malam Barau ya gama kafe babur ya sasanta su suna dariya. Malam Barau dai surutu ya ɗauki wannan, ba sana'a ba.

Ana cikin haka wata safiya Kamalu ya durƙusa yana sosa ƙeya.

"Malam, an ce ana neman ma'aikaci. Wai in je Kano a yi mini tambayoyi."

"Alhamdu lillahi! Su wane ne?"

"Wata ƙungiya ce dai, Malam," ya ce, idonsa a ƙasa.

Malam Barau bai tsaya tonawa ba. Ko ƙungiyar aljanu ce, in dai za su ɗauke shi. Ya zaunar da shi ya shiga ba shi horo: yadda ake zama, yadda ake gaisuwa, yadda ake amsa ba tare da an kawo labarin shaho ba. Kamalu ma ya dage da tambaya, har yadda ake shawo kan ɗalibin da ya gagari kowa. Malam Barau ya zazzage masa duk abin da ya sani, ya ara masa hularsa ta zuwa Juma'a, ya raka shi tasha.

Bayan kwanaki waya ta shigo. Wani mutum ya ce daga wajen masu ɗaukar aiki yake, suna son jin halin Kamalu daga bakin wanda ya san shi. Malam Barau ya miƙe tsaye, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, babu lungun Gaya da Ajingi da bai sani ba. Mutane na son sa. Ba ya gajiya, ba ya ƙorafi, duk abin da kuka ba shi zai karɓa ya gode. Wallahi ni kaina ya fi ni iya aiki nesa ba kusa ba."

"Abin da muke son ji ke nan," in ji mutumin.

Malam Barau ya nemi gafarar Allah kan rantsuwar, amma bai janye ta ba.

Ran Juma'a Hajiya Nuriyya da kanta ta kira. Ta ce an ɗauki Kamalu, ba za a rufe cibiyar ba, sauran bayani zai ji ran Litinin. Daɗi ya kashe Malam Barau. Ya sa aka yanka zakara, ya gaya wa maƙwabta cewa a duk ƙasar Gaya babu jami'in da ya kai shi iya samo wa mutum aiki.

Litinin da sassafe ya tarar da Kamalu a ƙofar ofis, fes da shi, ya share ko'ina. Malam Barau ya rungume shi.

"Ka zo sallama ke nan. To, ina suka tura ka?"

Kamalu ya durƙusa har ƙasa, ya miƙo hannu biyu.

"Nan ne, Malam. Hajiya ta ce ka ba ni makullin ofis da na babur, kuma in kana so akwai gurbi ɗaya a ajin ɗinki."