Fuskar Farko da Safe

Shailabala ta tsaya a bakin ƙofa, ta ja farin mayafi ta rufe kanta da aka aske tun rasuwar mijinta. Nibaran, abokin marigayin, sai murza lemarsa yake yi.

"Aurenki nake so," ya ce. "Yanzu doka ta yarda a auri matar mamaci. Jiya a taro na gaya wa dattawan birnin Kalkata ba na tsoron bakin kowa."

"An ce har tafi aka yi maka, Nibaran." Ba ta ɗago ido ba. "Da ka fito za ka taron, wa ka fara gani a lungu?"

Ya ci gaba da murza lemar.

"Ni ce. Ka juya gida, ka zauna, ka sha ruwa, sannan ka sake fitowa, don kada fuskar matar mamaci ta ɓata maka rana."

"Inna ce ta matsa mini..."

"Inna? A lokacin nan a bakin kogi na baro mahaifiyarka."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"In na aure ka, kullum ni za ka fara gani da safe," ta ce a hankali. "Sau nawa za ka koma ciki?"