Sunan da Madam Ba Ta Kira Ba

Ranar da aka koma lakwal, wato makaranta, Madam Halima ta sa yaran ajin farko suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana faɗin sunansa. Ajin rumfa ce ta sabon karan gero, don ginin bai ishi yaran bana ba, kuma duk a kan tabarma suke zaune. In yaro ya faɗi sunansa sai Madam ta maimaita da ƙarfi, sauran su tafa masa. Marwan, Sadiyya, Yunus, Ummu Salma.

Da aka zo kan yarinyar da ke zaune a bakin ƙofa, ta miƙe ta ce sunanta Anisa Salisu. Madam ta dube ta, ta gyara mayafinta, ta ce ta zauna. Ba ta maimaita ba, ba kuma wanda ya tafa.

Anisa ta ɗauka mantuwa ce. Shekararta bakwai, kuma ta saba a manta da ita. Tun da aka yaye ta babanta ya ɗauko ta daga Kano ya kawo ta Matameye wurin yayarsa, Gwaggo Rabi, ya koma neman abincinsa. Gwaggo tana da nata 'ya'yan da kaskon ƙosai, ba ta da lokacin hira. Maganar uwa kuwa, an gaya wa Anisa aure ne ya mutu tun tana goye, kuma a gidan ba a sake tada zancen.

Kwanakin farko suka tafi a koyon gaisuwa da Faransanci da riƙon alli. Suka ja layi a tsaye, suka ja a kwance, suka zana ƙwai a allo. Suka kawo guntayen kara da marafan kwalba don ƙidaya. Kafin Juma'a Madam ta haddace sunan kowa, har tagwayen da iyayensu ma kan rikita. Anisa kaɗai ce ta zama "ke". Ke, ɗaga allonki. Ke ta bakin ƙofa, matso daga rana.

Yara ba su da wuyar ɗauka. Ba a daɗe ba suka fara kiranta Ke, kuma in an fita hutun wasa ba mai jawo ta cikin da'ira. Sai ta zauna gindin itacen bedi tana jera marafanta.

Ita ma Madam ba ta da abokin zama. Daga Zinder ta zo, kuma ita da kanta ta roƙi a turo ta nan, abin da ya ba sauran malamai mamaki. Ɗaki guda ta kama a bayan gari. Ba ta shiga kasuwa, ba ta zuwa biki. Lokacin hutu a cikin rumfa take cin abincinta, fuskarta tana wajen itatuwa.

Anisa ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta riƙa rigan kowa zuwa, ta share rumfa, ta kakkaɓe tabarmi. Madam ba ta taɓa yi mata tsawa ba. Ranar da ta ga tana rubutu da hagu ma ba ta hana ta ba, sai ta durƙusa ta kama hannun ta gyara mata zaman alli, ta daɗe ba ta saki ba. Wata safiya, kafin yarinyar ta ce komai, Madam ta taɓa goshinta ta ce zazzaɓi ne, ta ba ta ruwa daga nata goran. Amma sunan bai fito ba.

Da aka fara haruffa, Anisa ta gane da *a* sunanta ya fara. Ta lallashi babbar 'yar Gwaggo ta rubuta mata shi a ƙasa, ta yi ta kwaikwayo da tsinke har ya zauna mata. Washegari, da Madam ta ce kowa ya rubuta *a* ya ɗaga allo, ita ta rubuta sunanta gaba ɗaya, ta ɗaga sama da hannu biyu. Tana ganin in dai Madam ta karanta, dole ta faɗa.

Madam ta tsaya a gaban allon. Leɓunanta suka motsa, amma ba abin da aka ji.

"Ya yi kyau," ta ce, ta wuce.

Anisa ba ta zo washegari ba, ba ta zo kashegarinsa ba. Gwaggo Rabi ba ta yi gardama ba, ta ɗora mata farantin ƙosai, don dama tana bukatar mai kai mata tasha.

Madam ta sami daraktan makarantar, Mushe Cha'ibu, kamar yadda ake kiran malami namiji da Faransanci, ta roƙe shi ya je ya dawo da yarinyar. Ya tambaye ta me ya hana ta zuwa da kanta. Ta ce ba za ta iya shiga gidan ba. Ya hau babur ya tafi, ya dawo da Anisa a baya, ya tura ta aji. Sannan ya kira Madam gefe, ransa a ɓace.

Ya ce yarinyar ta gaya masa malamarta ba ta sonta, kowa ana kiran sunansa ban da ita. Ya ce a shekarun da ya yi yana koyarwa bai taɓa ganin an ware yaro haka ba, kuma yana son ya ji laifin da ta yi.

Madam Halima ta leƙa rumfar. Anisa ta koma wurinta a bakin ƙofa, kanta a sunkuye. Madam ta sassauta murya ta roƙi Mushe kada abin da za ta faɗa ya kai gidan Gwaggo Rabi, don in ya kai, gobe za a mayar da yarinyar Kano.

"Ba ta yi laifin komai ba, Mushe," ta ce. "A gidanmu mace ba ta kama sunan 'yarta ta fari."